Yadda ake kafa ƙaramin lambun rani a bakin mayo, daga auna ruwa zuwa cire albasa

Duk wanda ya zauna a Marwa, a arewacin Kamaru, ya san yadda kogunan garin, Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, ke komawa filin rairayi da zarar damina ta ɗauke. Inda ruwa ya yi ta ambaliya a watan Agusta, nan yara ke buga ƙwallo a Disamba. Amma ruwan bai tafi duka ba, yana nan kwance ƙarƙashin yashi, kuma da shi ne mutanen Meskin da Gazawa da sauran garuruwan bakin mayo ke noma albasar da ake lodawa har Yawunde da Duwala. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa wajen milimita 800 ne. Idan ta yi gardama, ko ta yi yawa ta cinye gonaki kamar yadda aka gani a Yagwa a 2024, rumbu ba ya kai gida ga wata kakar. Ƙaramin lambu shi ke toshe wannan giɓin.

Na fara wannan aiki tun ina riƙe wa mahaifina igiyar guga, kuma har yau da shi nake ciyar da iyalina. Abin da zan bayyana a nan na mai farawa ne, namiji ko mace, wanda ba shi da babban jari.

KAYAN AIKI

Fartanya da garma ko shebur, manjagara don baje ƙasa, igiya da turaku, guga, da butar ban-ruwa guda biyu masu cin lita 10. Idan babu buta, sami gwangwani babba ka huda gindinsa da ƙusa ƙanana. Ana bukatar durom ɗaya mai cin lita 200, ko da ba za ka yi ban-ruwan ɗigo ba, domin da shi za ka auna ruwanka. Sai ruɓaɓɓen taki, toka, ƙaya ko karan dawa na shinge, zana, da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Sai iri.

Injin ban-ruwa da tiyo ba dole ba ne a shekarar farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, gaskiya ne, amma na fi son mutum ya sa ɗan kuɗinsa a iri mai kyau da shinge mai ƙarfi, ya ga abin da ƙasar za ta ba shi, kafin ya ci bashin inji.

1. Zaɓen wuri da daidaitawa da mai ƙasa

Nemi wuri kusa da mayo ko fadama inda ƙasa ke da laushi, jigawa da ta haɗu da ɗan laka. Jiƙa ƙasar ka dunƙula a hannu. Idan ta dunƙulu amma ta wargaje da ka danna ta da yatsa, ta yi. Idan ta ƙi dunƙuluwa sam, yashi ya yi yawa, za ta sha ruwa kamar rariya. Baƙar lakar karal da ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a kanta tana riƙe ruwa sosai, amma tana tsagewa tana kama saiwa, albasa ba ta sakewa a cikinta sai an zuba taki da yawa. Idan ka ga farin ɓawo a saman ƙasa kamar an barbaɗa kanwa, gishiri ne, ka nemi wani wuri.

Kada ka kafa lambu a kan burtali ko a bakin mashayar shanu. Kuma idan filin aro ne ko haya, ku je gaban jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, da shaidu, a faɗi shekara nawa, a faɗi wa ke da rijiyar idan wa'adi ya cika. Na taɓa gina rijiya na zuba taki shekara biyu a filin da aka ba ni da fatar baki, a shekara ta uku da ƙasa ta gyaru aka karɓe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba na son ya sami wani.

2. Rijiya, da auna abin da za ta iya bayarwa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda masu farawa suka fi tsallakewa.

A bakin mayo ana samun ruwa a zurfin mita kaɗan bayan damina, yana kuma yin ƙasa yayin da rani ke nisa. Rijiyar yashi tana ruftawa, saboda haka sai an ɗaure ta. Zoben siminti ya fi, amma idan babu hali, a yanke kai da gindin tsofaffin durom, a huda jikin na ƙasa, a jera su a ciki, a zuba tsakuwa a bayansu. A tabbata durom ɗin ba na maganin ƙwari ko wani sinadari ba ne. Mai haƙa kada ya shiga shi kaɗai, dole a sami mutum a sama da igiya. A rufe bakin rijiyar saboda yara da dabbobi. A wasu wuraren akwai masu huda ƙaramar burtsatse da hannu su sa bututun roba, ta fi rijiya tsabta kuma ba ta ruftawa, sai dai ba a sa mata guga, sai famfo.

Yanzu aunawa. Da sassafe ka kwashe ruwan rijiyar duka, kana ƙirga durom nawa ka cika. Ka bar ta, da la'asar ka sake kwashewa ka ƙirga. Ka yi haka kwana uku. Idan kana son lissafi, rijiya mai faɗin mita 1 da ruwa ya kai tsayin mita 1 a cikinta tana ɗauke da lita 785, wato kusan durom huɗu. Abin da ka samu a rana, raba shi biyu ka yi aiki da rabin, domin rijiyar Nuwamba daban take da ta Maris. Ka kuma tambayi tsofaffin masu lambu na kusa yadda rijiyoyinsu ke yi a bazara.

Kayan lambu na shan lita 5 zuwa 6 a kowace murabba'in mita kullum a lokacin sanyi. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, sai lita 8 ko fiye. To, a ce rijiyarka ta ba da durom shida a rana, lita 1,200 ke nan. Rabinsa 600. Raba 600 da 8, ka sami murabba'in mita 75. Girman lambunka ke nan, ko da filin ya kai ya kawo.

Mutane na raina wannan lissafi saboda sun saba da kar, wato rubu'in hekta da muke auna gonar auduga da shi. Kar ɗaya murabba'in mita 2,500 ne, yana bukatar lita 15,000 a rana a lokacin sanyi, durom 75. Babu mai jan wannan da guga. Shekarar da na buɗe fili fiye da ƙarfin rijiyata, albasa ta yi kyau har ƙarshen Fabrairu, sannan ruwa ya janye daidai lokacin da take ƙunsa kai. Na rasa fiye da rabi, na rasa kuɗin iri da taki da wahalar wata huɗu. Da rabin filin na noma, da na kwashe shi cif.

3. Shinge

Yi shi kafin ka zuba iri ko ƙwaya ɗaya. A rani lambunka ne kaɗai kore a wurin, akuya ɗaya tana iya gamawa da wurin reno cikin ɗan lokaci. Ƙaya a waje, karan dawa a ciki. A ɓangaren gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, ka kafa zana, tana rage bushewar ƙasa sosai. Ka dasa zogale a jikin shingen, zai sha daga ruwan da ke zuba, ya ba ka ganye duk shekara.

4. Yanka fangali da zuba taki

A ƙasarmu mai zafi fangali ake yi mai zurfi, wato tsakiyarsa ta yi ƙasa, gefensa a ɗaga da ƙaramar kunya mai tsayin tafin hannu don ruwa ya tsaya. Mai ban-ruwa da buta ya yi mita 1 a faɗi, mita 3 a tsawo, ya bar hanyar ƙafa a tsakani. Lambun murabba'in mita 75 fangali 25 ke nan. Mai inji zai iya yin mita 2 da mita 2, a jera su gefe biyu na ƙaramar magudana.

Kafta ƙasar zurfin taƙi guda, ka farfasa hoge, ka zuba ruɓaɓɓen taki kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, wato kamar bokiti ɗaya cike a fangali. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kawo gara da ciyawa. Idan ɗanye kaɗai gare ka, tara shi a rami, ka yayyafa ruwa, ka rufe da ciyawa, ka riƙa juyawa har ya yi baƙi ya daina zafi.

Sai daidaita ƙasan fangalin. Ka zuba ruwa ka duba: idan ya taru a kusurwa ɗaya, gyara da manjagara tun yanzu. Fangali mai karkata rabinsa ƙishi ne, rabinsa ruɓa.

5. Renon iri

Albasa da tumatir da attarugu da kabeji da salak duk sai an rene su kafin a dasa. Alayyafo da yakuwa da karas da kuɓewa ana shuka su kai tsaye.

A nan yankin Gudami ce albasar da aka fi sani, akwai kuma 'yar Galmi da ta samo sunanta daga garin Galmi na Nijar. Sayi iri wurin manomin da ka ga gonarsa da idonka, ko a shagon da aka amince da shi. Irin albasa ba ya daɗewa, wanda ya wuce shekara yakan ƙi fitowa. Ka gwada shi: ƙirga ƙwaya 20, ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda zuwa kwana goma, idan 15 ko fiye sun tsiro, irin ya yi. Giram 50 ya isa dasa murabba'in mita 100.

Zuba irin albasa a watan Oktoba, da ruwan sama ya ɗauke. Ja layuka marasa zurfi da yatsa, tazarar yatsu huɗu, ka zuba iri ba cunkushe ba, ka rufe da ƙasa mai laushi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ban-ruwa safe da yamma da buta mai ƙananan huda. Da ka ga tsiro ya ɓullo, ɗauke ciyawar, in ba haka ba zai yi tsawo ya yi fari ya kwanta. Idan tsiro na ruɓewa daga gindi yana faɗuwa, ruwa ya yi yawa, rage shi ka barbaɗa toka.

6. Dashe

Albasa na isa dashe bayan kwana 40 zuwa 50, in ta kusa kaurin fensir. Tumatir kwana 25 zuwa 30. Rage wa wurin reno ruwa kwana huɗu ko biyar kafin cirewa don tsiron ya yi ƙwari, sannan ka jiƙa shi sosai ranar da za ka cire. A yi dashe da la'asar sakaliya. Albasa tazarar santimita 10 zuwa 15, kuma kada a binne ta da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa. Tumatir santimita 50 tsakanin gindi da gindi.

Kada ka cika lambun da albasa kaɗai, ko da ita ce mai kuɗi. Albasa sai ta yi wata uku zuwa huɗu bayan dashe, a tsawon wannan lokacin gida na bukatar miya kullum. A fangali 25, ni nakan ba albasa 13, tumatir da attarugu 6, sauran 6 na ganye. Alayyafo ana fara yankansa cikin mako uku zuwa huɗu. Ka riƙa shuka fangali ɗaya kowane kwana goma, ba za a rasa ganye a tukunya ba, uwargida kuma za ta sami na kai wa kasuwa ta sayo gishiri da mai. Tumatir yana son sanyin dare, in ya kai Maris bai yi fure ba, zafi zai zubar da furen. Kuɓewa kuwa ba ta son ɗari, a bari sai Fabrairu.

7. Ban-ruwa

Da buta. Fangali mai murabba'in mita 3 na son buta biyu a rana lokacin sanyi, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a bazara kuma biyu da rabi ko uku. Fangali 25 buta 50 ke nan, sawu 25 in kana ɗaukar biyu-biyu. Aikin mutum ɗaya ne mai lafiya. Don rage tafiya, binne rabin durom a tsakiyar lambu, ka haɗa shi da bakin rijiya da tiyo ko kwararo. Jigo da kakanninmu suka yi amfani da shi har yanzu yana aiki a rijiya marar zurfi, kuma yana hutar da baya.

Da inji. Injin fetur ba ya jan ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, kowane iri ne. Shi ya sa za ka ga an haƙa rami a gefen rijiya an saukar da shi ciki. A nan ne haɗarin yake. Hayaƙin inji yana taruwa a rami, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, tana sumar da mutum ta kashe shi. Kada kowa ya sauka rijiya ko rami mai zurfi inji na aiki, ko an kashe shi a jira iska ta shiga tukuna. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya gaya wa yaransa da 'yan aikinsa. Ka cika inji da ruwa kafin ka tayar, ka sa raga a bakin tiyon da ke cikin rijiya, ka ɗaga shi daga ƙasa kada ya zuƙi yashi. Mai inji yakan shayar da fangali kowane kwana uku ko huɗu, a jigawa kowane kwana biyu. Mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya, su raba kwanaki. Famfon sola ya fi tsada a farko amma ba ya cin mai, yana kuma jan ruwa a hankali yadda ƙaramar rijiya ke iya jurewa.

In ruwan ya yi ƙaranci. Ɗora durom a kan dakali mai tsayin mita 1 zuwa 1 da rabi, ka haɗa masa siririyar tiyon ɗigo mai huda kowane santimita 30, ka shimfiɗa a gindin tumatir ko attarugu. Kada layi ya wuce mita 15. Abokin gabar wannan tsari shi ne laka: tace ruwan da ƙyalle mai kauri duk lokacin da za ka zuba, kuma kowane mako ka buɗe ƙarshen tiyon ruwa ya wanke ta. In ba a sami tiyon ba, akwai dabarar tulu. Sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, mai tsattsafo, ka binne shi har wuya, ka dasa gindi huɗu kewaye da shi, ka cika da ruwa ka rufe baki saboda sauro. Kowane kwana biyu ko uku ka ƙara. Wannan ya dace ƙwarai da matan da ke lambu a cikin gida.

Ko wace hanya ka bi, kada ka dogara da ganin saman ƙasa. Tura yatsa har gaɓa biyu. In da danshi, jira. Kuma ka rufe gindin tumatir da attarugu da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ƙasar za ta kwana da sanyinta. Idan farin gishiri ya fara fitowa a gefen fangali, yi masa ban-ruwa mai nauyi sau ɗaya don ya wanke shi ƙasa, ka ƙara taki.

8. Takin zamani da ƙwari

In da hali, ɗan NPK mako biyu bayan dashe, sannan ɗan yuriya bayan wata guda, a sa a jiƙaƙƙiyar ƙasa a bi da ruwa. Da albasa ta fara ƙunsa kai a daina yuriya. Wadda aka cika wa yuriya takan yi girma da ƙaton wuya, amma ba ta ajiyuwa.

Ka riƙa duba bayan ganye kowace safiya. Farin zane-zane a lawashi alamar ƙananan ƙwarin albasa ne. A tumatir akwai farin ƙuda mai kawo nanaɗewar ganye, da tsutsar da ke shiga cikin ganye da 'ya'ya, wadda manoman Kano ke kira sharon. Daka ƙwayar darbejiya rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ta kwana, ka tace, ka narka ɗan sabulu a ciki, ka fesa da yamma kowane mako. Gindin da ya kamu sosai a tuge shi a ƙone.

Maganin auduga yana yawo a kasuwanninmu da araha, wasu na fesa shi a salak da tumatir. Kada ka yi. An yi shi ne don abin da ba a ci, kuma 'ya'yanka ne za su fara cin ganyen nan. In dole sai ka sayi magani, sayi na kayan lambu, ka sa a karanta maka kwanakin da za a jira kafin a tsinka.

9. Cirewa, ajiya, da mayar da lambu hatsi

Idan ka ga wuyan fiye da rabin albasar ya kwanta, yanke ruwa kwana 10 zuwa 15. Cire ta da safe, ka bar ta ta sha iska kwana biyu ko uku, ganyen wata na rufe kan wata don rana kada ta ƙona ta. Yanke lawashi ka bar wuya kamar gaɓar yatsa biyu. Lawashin a daka a shanya a yi gabu. Tumatir da ya yi yawa a yanka a shanya a yi kauɗa, kuɓewa ma haka, a kan tabarma ko zana, ba a ƙasa ba.

A Maris da Afrilu kowa ke kai albasa kasuwa, farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiyewa zuwa damina yana sayarwa da daraja. Ware masu rauni da masu ƙaton wuya ka sayar nan take. Sauran ka shimfiɗa a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, ƙarƙashin rumfar da ba ta yoyo kuma iska na ratsawa, kada tsibin ya wuce albasa uku a kan juna. Kowane mako ka bi ka tsame ruɓaɓɓu. Za a yi asarar wani kashi ko ya aka yi, saboda haka kada ka ajiye duka.

Kuɗin farko da ya shigo daga tumatir da ganye yakan zo daidai da girbin muskuwari, a Janairu da Fabrairu, lokacin da dawa ke da sauƙi a kasuwa. A lokacin nake sayen buhunan da za su kai gidana ga Yuli da Agusta, watannin da rumbu ke yin ƙasa, mudu ke tashi. Bayan hatsi sai in ware kuɗin iri da na yasar rijiya. Ka zaɓi albasa ashirin ko talatin mafi kyau, masu siririn wuya, ka ajiye su daban. In sanyi ya shigo ka dasa su a fangali ɗaya a gefe, su yi fure su ba ka irin da za ka zuba a Oktoban da ke biye.